Layi na Goma Sha Bakwai

Ranar da Lachlan Gow ya fara ganin Effie Rennie, tana tsaye ne a ƙofar bayan otal ɗin mahaifinsa a Milton, da doguwar takarda a hannu da kwalbar tawada a aljihu. Watan Afrilu ne na 1893, sanyi ya fara shigowa a can kudancin duniya.

"Matar gidan nake nema," in ji ta.

"Ba ma sayen komai."

"Ni ma ba talla na kawo ba. Ku ne masu sayarwa, warin giyar ƙofar gaba ya ishe ni shaida."

Dariya ta kuɓuce masa. Tela ce, shekarunta ashirin da biyu. Takardar kuwa koke ne zuwa majalisa, a ba matan ƙasar damar jefa ƙuri'a. Kowace takarda tana cin suna ashirin da biyar. In ta cika sai a aika da ita, a manna ta a gindin wata, har na ƙasar duka su zama naɗi ɗaya.

Mahaifiyarsa Isobel ta leƙo daga kicin, ta dubi takardar, ta ji muryar mijinta a ciki, ta koma. Shi kuwa Lachlan tun daga ranar maɓallan rigarsa suka daina zama lafiya, wasiƙu suka fara kai da komo tsakaninsa da Effie.

"Mai Tawada, wani maɓallin ya sake tsinkewa. Ina tafe Asabar. L."

"Ɗan Otal, maɓalli ba ya tsinke kansa sau uku a wata. Ka zo, amma ka bar almakashin a gida. E."

Iyaye ba su daɗe ba suka ji. Mahaifin Effie dattijon coci ne, bai taɓa sa giya a baki ba. Ya ce ɗan mai mashaya ba zai zauna a teburinsa ba, alhali ga Mista Pringle malamin makaranta, mai hankali, mai riƙe mata takardu in za ta ƙauye. Hector Gow, mahaifin Lachlan, kuwa nasa ya fi gajarta.

"Ranar da mata suka samu ƙuri'a, ranar za su hana giya, su garƙame mana ƙofa. Ka auri wadda za ta raba ka da abincinka? Kai dai ba ka da kai."

A watan Yuni Effie ta tare shi a shagonta fuskarta a sake.

"Mamarka ta zo, wai a rage mata siket. Duba nan."

A layi na goma sha bakwai an rubuta Isobel Gow, haruffan a karkace, an danne alƙalamin har ya kusa huda takardar.

Kwana biyu bayan haka wani mashayi ya ce ya ji za a buga sunayen duka a jarida. Babu wanda ya tambaye shi inda ya ji. Hector ya daki kanta ya ce in sunan Gow ya fito, mai sunan ta tattara ta koma gidan ƙanwarta. Lachlan ya san mahaifinsa ba ya janye maganar da ya yi a gaban mutane.

Ya je shagon. Da Effie ta shiga ɗora shayi, sai ya zaro askarsa ya yanke layin, siriri kamar zare, ya sa a aljihu. A ganinsa suna ɗaya ne a cikin dubbai.

Ta dawo da kofuna biyu, ta hango teburin ta cikin ramin.

"Me ka yi?"

"Effie, korar ta zai yi."

"Ka tambaye ta?"

Ya dafe aljihun da yankin yake ciki.

"Sakatariyarmu ba ta karɓar takarda mai yanka. Masu adawa za su ɗaga ta su ce mun yi coge. Mata ashirin da biyar ka yanke, Lachlan. Wata sai da na taka mil bakwai kafin na same ta." Ta ajiye kofunan a hankali. "Mamarka mako guda ta yi tana koyon sunanta da yatsa a cikin garin fulawa. Kullum kana wucewa ta kicin ɗin."

Ya tuna ya ga zanen a kan allon murjin burodi. Ya ɗauka wasa ne.

Washegari wasiƙa ta zo, babu Ɗan Otal a samanta. "Mista Gow, akwai tela a titin tashar jirgi. Ya iya maɓalli. E. Rennie."

Ya faɗa wa mahaifiyarsa da kansa. Ba ta daina murza kwaɓin burodi ba.

"Shekara ashirin da shida ina zaune da babanka, na san yadda zan yi da shi," in ji ta. "Kai ne ban yi tsammani ba."

Ya karɓo sabuwar takarda a wurin sakatariya, ya ɗaura wa doki sirdi. Isobel tana ɗan tari a lokacin. Ya yi tunanin ba ta alƙalamin kafin ya tafi, sai ya ga gara ya kawo mata takardar a cike, ya zama shi ne ban haƙurinsa.

Kwana tara ya yi a gonakin tumaki, cikin ƙanƙara. Matan ba su raga masa ba.

"Kai ne wanzamin takardu?" in ji wata tsohuwa. "Juyo da aljihunka mu gani tukuna, ɗan nan."

Wata ta sa shi faskare kafin ta taɓa alƙalami. Duk ashirin da huɗun suka sake sa hannu, kowace a layinta na da. Da ya iso gida sai ya tarar da keken dokin likita a ƙofa. Ciwon huhu ne ya kwantar da Isobel. Ya sa mata alƙalamin a hannu, yatsun ba su riƙe ba. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi.

Bayan an binne ta ya kai wa Effie takardar. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan farin layin.

"Akwai wadda za ta iya cike shi," in ji ta.

"A bar shi," in ji Lachlan. "Yana da mai shi."

Ya zaro siririn yankin ya ajiye a gabanta, ya juya zai fita.

"Ɗan Otal," ta ce, ba ta ɗago ba. "Dubi rigarka. Wannan karon da gaske ya tsinke. Zauna."

Takardar ta tafi Wellington, babban birnin ƙasar, da layinta a buɗe. Babu jaridar da ta buga sunan kowa a Milton. A watan Satumba dokar ƙuri'ar mata ta wuce. Mista Rennie ya ce mutumin da ya iya bin ƙofa ashirin da huɗu yana ba da haƙuri zai iya zama a teburinsa, muddin shayi zai sha. Hector bai ce ya yarda ba, amma ya aiko da zoben Isobel a cikin ambulan, babu rubutu.

An yi zaɓe a ƙarshen Nuwamba. Effie ta fito daga rumfar ƙuri'a sanye da sabuwar riga ruwan toka, ta miƙa wa Lachlan hannun dama.

"Taɓa nan."

A cikin kalmasar hannun rigar ya ji wani abu yana ƙaras-ƙaras. Ta ɗinke yankin a ciki.

Da rigar aka ɗaura musu aure bayan mako biyu. Fasto ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari, tsoffin matan gonaki suka amsa da amin mai ƙarfi, Hector yana kujerar baya da hularsa a kan gwiwa. Da aka kawo rajistar aure, Lachlan ya miƙa wa amarya alƙalamin ta fara. Ya tsaya yana kallon hannun rigar yana tafiya a kan layin.