Riƙe Mini Hatimi

Da la'asar sakaliya shugaban gidan buga kuɗi ya aike ni tsohuwar maƙerarmu ta bayan ganuwar Samarkand, in kwaso hatiman ƙarfe na buga dirhamin azurfa da suka lalace a farfasa. Shekara bakwai ba a hura wuta a wurin ba, tun da aka yanke wa maigidana Usta Mahyar hannu bisa zargin cuɗa azurfa da jan ƙarfe. Ni na ba da shaida. Ni ne kuma na cuɗa. Bai yi wata ba ya rasu.

Ina tura ƙofa, warin gawayi mai ci ya doke ni.

Ƙwal. Ƙwal. Guduma kan ƙarfe.

Usta Mahyar na zaune gaban uwar maƙera, ya ba ni baya, da hularsa ta fatar tunkiya. Dirhamai barbaje a ƙasa, rubutun kowanne a karkace, kalma bisa kalma.

"Farruk," ya ce ƙasa-ƙasa, bai waiwayo ba. "Ka ga aikin mai hannu ɗaya?"

"Usta... ai mun binne ka."

"Bakinka ya binne ni. Matso, munafuki. Riƙe mini hatimi."

Ƙafafuna suka kai ni ba da sona ba. Na durƙusa, na ɗora hatimin kan azurfa. Dungulmin hannunsa ya sauka a wuyana, a jiƙe, yana ƙaurin tafasasshen man da aka tsoma shi ranar yankan.

"Ba kan azurfa ba," ya raɗa. "Shimfiɗa hannunka."

Na shimfiɗa. Hatimin ya hau bayan hannuna da kansa.

Ya juyo. Babu idanu. Dirhami biyu ne a ramukan.

"Usta, ka yafe..."

"Kai ka tausaya mini a ranar?"

Gudumar ta sauko.

Na ji ƙashi ya ce ɓas. Na fizge, na bangaje ƙofa, ban tsaya ba sai unguwar majema. A bayana bugun bai daina ba.

Da safe na je gaban alƙali na faɗi gaskiya duka. Ya aika dogarai maƙerar, suka tarar da ƙura da yanar gizo kawai. Alƙalin ya daɗe yana duban bayan hannuna, inda sunan sarki ya nutse cikin nama, a karkace.

"Wannan an riga an yi masa hukunci," ya ce. "Ku fitar da shi daga garin."

Yatsun ba su sake lanƙwasuwa ba. Yanzu kankana nake sayarwa a bakin hanyar Bukhara, kuma in mai saye ya miƙo azurfa, nakan ce ya tafi da kankanar kawai.