An Sayi Gurbi, Ba a Sayi Radiyya Ba

Ranar da Muntaka ya fara shiga shagon Radiyya a Dutse, ya yi sallama ya tarar da wata budurwa cikin hijabi ruwan toka a gaban kwamfuta, sai ya tambaye ta ko maigidan yana kusa. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce masa ai da maigidan yake magana. Sai da ta ji ya yi dariya yana ba ta haƙuri sannan ta dube shi, kuma ta daɗe tana kallonsa fiye da yadda ta yi niyya.

Malamin dabbobi ne daga Miga, yana bin ƙauyuka yana yi wa awaki da tumaki allurar rigakafi. Ruwan sama ne ya jiƙa masa takardun aikinsa, wani ya ba shi labarin Gurbi, manhajar da Radiyya ta rubuta bayan ta gama karatun kwamfuta a Kano. Da ita kowa zai iya tsara fom ɗinsa a intanet, ya tura wa mutane su cike, amsoshin su taru wuri guda. A waɗannan shekarun na bayan ƙaddamar da shari'a, budurwa mai shagon kanta abar magana ce. Radiyya ta bar ƙofarta a buɗe, ta ajiye wa maza benci, ta ci gaba da aikinta.

Muntaka ne ya kai labarin Gurbi ƙungiyar manoman Taura, daga nan makarantun Islamiyya da ƙananan asibitoci suka ɗauka. Kafin a ankara Radiyya ta ɗauki ma'aikata, ta koma ofis a bene, ana amfani da manhajar har Kaduna da Maraɗi. Shi kuwa kullum sai ya samo dalilin zuwa Dutse. Yana ce mata Injiniyata, tana ce masa Likita. Wata safiya ya turo mata saƙo: "Injiniyata, yau wata akuya ta taka min ƙafa ban ji zafi ba, don ke nake tunani. Ki ba ni izini in turo magabatana Garki."

Ta amsa masa: "Ka gaida akuyar. Izini kuma ka daɗe da samu, kai ne ba ka tambaya ba."

Mahaifinta, Malam Muhyiddeen, mai makarantar allo ne a Garki, kuma shi ya tsaya mata ta yi boko duk da surutun dangi. Da farko bai ƙi Muntaka ba. Sai ga Abdulkahar, wakilin wani babban kamfani na Legas da ke son sayen Gurbi, wanda kuma ɗan tsohon abokin karatun Malam ne. Ya zo cinikin kamfani, ya ga mai kamfanin, ya nemi ya haɗa biyu. Malam ya karkata gare shi, yana ganin ɗan gidan ilimi ne, zai kuma raba 'yarsa da zaman ofis. Gari kuma ya ɗauka cewa malamin dabbobin nan dukiya ya hango tun da wuri.

Maganar ta kai kunnen Muntaka, ya daina zuwa. Saƙonsa na ƙarshe gajere ne: "Radiyya, ana cewa dukiyarki nake jira. Ba zan iya tsayawa gaban Malam da wannan sunan ba. Allah ya zaɓa miki mafi alheri."

Ta yi kuka, amma fushi ya fi kukan yawa. Washegari ta zauna da Abdulkahar a ofis ta faɗi sharuɗɗanta: ofishi zai ci gaba da zama a Dutse, ba za a sallami ma'aikacinta ko ɗaya ba, manhajar kuma ba za ta daina aiki da Hausa ba. Ya yi murmushi ya ce ta bar wahalar da kanta, tunda bayan biki ita ma Legas za ta koma.

"Alhaji, Gurbi na kawo kasuwa," in ji ta. "Ban kawo kaina ba."

Ya ce in haka ne cinikin ya lalace. Ta rufe kwamfutarta ta yi masa fatan sauka lafiya. Ma'aikatanta suka tsorata, ita ma ta rasa barci, amma ba ta kira shi ba. Bayan wani lokaci kamfanin ya turo wata mata mai suna Alheri, wadda ta zagaya ta ga yadda jama'a suka riƙe manhajar, ta amince da sharuɗɗan gaba ɗaya, ta kuma roƙi Radiyya ta ci gaba da shugabantar ofishin.

Ranar kasuwar Miga Radiyya ta ɗauki Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinta, suka tafi. Suka same shi a kara, wajen da ake cinikin dabbobi, ya matse wani rago yana duba masa baki.

"Likita, ashe tsoron bakin mutane ya fi son da kake min?" ta ce. "Ni da ake zagi tun ranar da na buɗe shago ban gudu ba, sai kai?"

Ragon ya kufce, bai bi shi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ta yafe masa, kunya ce ta sa shi wauta. Gwaggo Talatu ta ce in kunyar gaskiya ce ya je Garki ya tsaya gaban Malam.

Radiyya ta riga shi isa. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, ba zan yi aure ba sai da yardarka. Amma kai ka karantar da ni cewa ana neman yardar budurwa, kuma tawa tana wajen Muntaka."

Can sai ga Muntaka ya iso da kawunsa. Malam ya tambaye shi me yake nufi da dukiyar yarinyar. Muntaka ya ce dukiyarta tata ce kamar yadda addini ya ce, shi kuwa ci da sha da sutura da muhalli suna wuyansa, da abin da allurarsa take kawo masa. Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce wa kawun ya koma ya zo da goro.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam bayan sallar Juma'a, manoman Taura suka cika mota biyu, ma'aikatan Gurbi suna raba dabino. Da za a tafi da amarya, Malam ya dafa kanta, ya ce wa ango, "Ka riƙe ta da kyau, taurin kanta a wajena ta gado. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku cikin alheri." Radiyya ta ce amin a ƙarƙashin mayafi, tana dariya tana hawaye.