Magaribar da Kwamfutar Malam Sirajo Ta Yi Shiru

A gidan marigayi Malam Sirajo da ke Argungu, can ƙasan gari inda ake jin ƙamshin gulbi idan iska ta juyo, akwai abu guda da ba a taɓa tsallakewa. Da an sallame sallar magariba, Inna Laure, matar marigayin, takan sauko da wata tsohuwar kwamfuta daga kan kantar ɗakinta, ta warware zanen da ake naɗe ta da shi, ta danna wurin nan guda da aka nuna mata. Sai muryar mijinta ta cika tsakar gida. Yakan fara da ayoyin tsari, sannan ya shiga wata doguwar addu'a tasa ta kansa. Kafin a kira isha ya shafa.

Dalilin wannan kuwa Ɗayyaba ce, autarsu. Tana shekara goma sha ɗaya ta je wanki bakin gulbi, ta dawo ba ita ba. Kwana arba'in mahaifinta ya yi a kanta kafin ta san sunanta. Abin da ya gudana tsakaninsa da wanda ya shige ta bai gaya wa kowa ba, amma tun daga ranar bai ƙara fashin karatun magariba ba. Da ciwon ajali ya kama shi, sai ya sa babban ɗansa Albashir ya naɗi muryarsa a cikin wata manhajar tilawa da ɗalibansa ke amfani da ita. Ya bar wasiyya biyu: kada a yi fashi, kuma kada a kwafa a waya, domin waya har banɗaki ake shiga da ita, addu'ar kuwa cike take da sunayen Allah. Sun bi wasiyyar. Shekara takwas babu abin da ya taɓa Ɗayyaba, ko ciwon kai mai nauyi.

Wata Talata ce a tsakiyar damina. An yi ruwa da la'asar ya ɗauke, tsakar gida ta yi laushi, kwaɗi sun fara. Ɗayyaba na durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwon shinkafa. Inna Laure ta buɗe kwamfutar, sai ta ga fuskar allon ta sauya, launin ba wanda ta sani ba ne. Ta lalubo wurin da ta saba dannawa, ta danna. Wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, ya tsaya. Ta sake dannawa. Shiru.

"Albashir," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Mi ka yi mata?"

Albashir ya fito daga ɗakinsa da hula a hannu. Ya ce takardun shiga makarantar jinya da Ɗayyaba ta samu ne ya je cikewa, shafin ya ƙi buɗewa a tsohon sistem, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, shi ne ya kai kwamfutar ofishin injin casa inda yake aiki, ya bar ta ta sabunta kanta.

"Ba komai ba ne, Inna. Minti biyu."

Ya zauna a kan tabarma ya ɗora ta a cinya. Ya kashe, ya kunna. Ya danna nan, ya danna can. Ɗan akwatin nan dai ya ci gaba da fitowa, yana cewa wannan manhaja ba za ta yi aiki a sabon tsari ba. Hasken yamma ya janye daga kan katanga. Jemagu suka wuce. Ladan ya gyara murya ya kira isha, kuma a karon farko cikin shekaru da yawa ya kira ta ba tare da Malam Sirajo ya shafa addu'a ba.

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakin girki.

Aka dubi juna. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya gaban ƙafar Inna Laure. Ba tsakuwar gari ba ce. Dutsen gulbi ne, sumul, jiƙe da ruwa, da ɗan gansakuka a jikinsa. Daga wajen randa kuma wani ya yi gyaran murya, irin ta baƙon da ya daɗe a tsaye yana jiran a ce masa bisimilla.

Ɗayyaba ta saki muciya. Tuwo ya kama, ƙauri ya tashi, ba ta motsa ba.

Washegari da sassafe Albashir ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi, kwamfutar na rungume a ƙirjinsa. A unguwar Gesse akwai wani mai gyara, Faruk, wanda suka yi makaranta tare. Faruk ya juya ta sama da ƙasa yana dariya.

"Kai, wagga ai ta isa aure. Ina ka samo ta, gidan tarihi?"

"Ka bar wasa, Faruk. Muryar Baba na ciki."

Dariyar ta tsaya. Faruk ya ja kujera. Ya fara gwada sa manhajar ta yi aiki a yanayin tsohon tsari, ta ƙi. Ya nemi sabon samfurinta a intanet, ya tarar waɗanda suka yi ta sun daina tun tuni, ko shafinsu babu. Ya ce to ba laifi, sabon sistem yakan ajiye tsohon a gefe na 'yan kwanaki, za a iya komawa baya. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ɗago kai a hankali.

"Bayan ta gama, ta tambaye ka ko a share tsoffin fayiloli?"

"Ta ce wuri ya cika."

"Kai kuma ka ce e."

Albashir ya gyaɗa kai.

Kwana tara Faruk ya yi a kanta. Ya ciro ma'ajiyar kwamfutar ya haɗa ta da wata tsohuwa irinta da ya aro a kasuwa. Ya samo fayil ɗin muryar, yana nan, ana ganin girmansa, amma manhajar ta kulle shi da wani mabuɗi da take ajiyewa a cikin tsohon sistem, mabuɗin kuwa ya tafi cikin abin da aka share. Ya sa abin tono sharar fayiloli ya kwana yana aiki. Abin da ya fito ɗan guntu ne. Da suka kunna, sai suka ji shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, da tarin Malam Sirajo sau ɗaya, shi ke nan.

A kwanakin nan tara gidan bai ga magariba mai lafiya ba. Duwatsu na zuwa da kiran salla kamar an ba su lokaci. Albashir yana karanta ayoyin tsari da bakinsa, maƙwabta suna taya su, abin yakan lafa kaɗan ya dawo. Ɗayyaba ta daina cin abinci sai ruwa. Takan zauna ta fuskanci bangon da gulbi ke bayansa, gashinta a jiƙe, alhali babu wanda ya ga ta taɓa ruwa. Ranar da wa'adin kai takardun makaranta ya cika, ba ta ma san an yi ba.

A rana ta goma aka ɗauko Malam Abdussamadu daga Zauro. Dattijo ne siriri, manomin shinkafa, tafin ƙafarsa duk faso, amma an san shi da ilimi da tsoron Allah, ba ya yanka, ba ya turare. Ya iso bayan la'asar, ya sha ruwa, ya saurari labarin tun daga farko bai katse ba. Da aka gama ya dubi Albashir.

"Shekara takwas kuna ji. Wa ya hardace?"

Albashir ya girgiza kai.

"Ko a takarda?"

"Mun ɗauka tana nan, Malam," in ji Inna Laure. "Kullum tana nan."

Malam ya jinjina kai.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Ɗayyaba, uwarta na riƙe da kafaɗarta. Malam ya fara karatu a hankali. Ya gama Fatiha, ya shiga Baƙara. Duwatsu suka zubo har kwano ya lotsa, sannan suka tsaya cak. Kwaɗin ma suka yi shiru. Ɗayyaba ta ɗago kai, bakinta ya buɗe, amma muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza. Ni ba ɓarawo ba ne, hakkina na zo ɗauka."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabcinku ne. Tun ba a kafa gidan ga ba nike gulbin ga."

"Mi kake nema ga yarinya?"

"Ita ta taka ni. Ubanta ya roƙe ni, munka yi alkawari: muddin ana jin addu'ar nan tashi cikin gidan ga tsakanin magariba da isha, ba ni ƙetare katanga. Na cika. Ranar da anka kai shi kabari ina kallo, na ce to ta ƙare. Da magariba sai na ji shi yana karatu." Bakin Ɗayyaba ya yi wani murmushi da ba nata ba. "Na san ƙarfe ne. Amma alkawari bai ce da rai ba. Shekara takwas ina tsaye bayan katanga ina sauraro. Ni kaɗai ke sauraro, Malam. Su suna tuƙin tuwo."

Inna Laure ta sunkuyar da kai.

"Tsari na Allah ne," in ji Malam Abdussamadu, "ba na ƙarfe ba, ba na Sirajo ba. Ka fita don Allah."

"To ga sauƙi. Wani daga cikin jinin gidan ga, ko matar Sirajo, ya karanta addu'ar daga farko har ƙarshe yadda yake yi. In anka yi haka, na rantse da wanda ya halicce ni ba ni ƙara waiwayo ta. Ba ɗaya ba ce kullum? Ku karanta mana."

Aka dubi Albashir. Ayoyin ya sani. Addu'ar kuwa, da zarar an shiga ta yakan tashi ya tafi masallaci tun da wuri, don ya samu sahun gaba.

"Ni zan gwada," in ji Inna Laure.

Ta gyara mayafi, ta rufe ido. Ta fara, kuma layin farko ya zo mata daidai, har da yadda yake jan ƙarshensa. Na biyu ya zo. Na uku ya zo rabi. Daga nan sai karin kawai ya rage mata. Ta san inda muryarsa ke hawa, ta san inda yake tsayawa ya haɗiyi miyau, ta san wurin da yake sassautawa kamar mai rarrashi, amma kalmomin babu. Ta ci gaba da jan sautin da hanci, hawaye na zuba, har ita da kanta ta ji ba addu'a take yi ba. Ta yi shiru.

Dariyar da ta fito daga bakin 'yarta ba mai ƙarfi ba ce. Da ma ta yi ƙarfi, da ya fi sauƙi.

Malam Abdussamadu ya koma karatu, wannan karon da murya a sama. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa rawaninsa. Jikin Ɗayyaba ya riƙa karkarwa, yatsunta suna tonon tabarma. Can muryar ta ce da ƙyar:

"Tsaya. Zan tafi. Gulbi ya cika, ina da wurin zama mai faɗi. Amma ran da ruwa ya sauka daga fadama, zan dawo in tsaya bayan katanga. In na ji addu'ar, na wuce har abada. In ban ji ba, ba jifa zan yi ba, Malam. Da ita zan tafi."

"Ba ka da wannan iko sai Allah ya so."

"Haka ne," in ji muryar. "Sai mu ga abin da Ya so."

Ɗayyaba ta yi atishawa sau uku, ta faɗi a jikin uwarta. Iska mai sanyi ta bi ta kan katanga ta wuce. Kwaɗi suka ci gaba.

Da Albashir ya raka Malam bakin titi, dattijon ya ce masa, "Ka ji gaskiya, ɗana. Na fitar da shi, ban ɗaure shi ba. Mahaifinku ya san shi, ni ban san shi ba. Ku dage da azkar, ku dage da salla. In ya dawo ku aiko, zan zo. Amma ban yi maka alkawarin komai ba."

Ɗayyaba ta warke, ta koma cin abinci, sai dai ba ta cika magana ba. Albashir ya bi tsoffin ɗaliban mahaifinsa har Augie, babu wanda aka koya wa addu'ar. Faruk ya aika ma'ajiyar Kano wurin wani gwani, aka dawo da ita da haƙuri.

Inna Laure ta sayi littafin rubutu na 'yan firamare. Kullum bayan magariba takan zauna inda ta saba ajiye kwamfutar, ta rufe ido, ta ja karin a hankali, ko wata kalma za ta biyo shi. Wani lokaci takan zo, ta rubuta da manyan haruffanta masu karkata. Wani lokaci washegari ta ga ba nan ne wurinta ba, ta goge. Wata uku ta yi a haka. Layi goma sha ɗaya ta samu, uku a cikinsu ba ta da tabbas, kuma ta san ko rubu'i ba ta kai ba.

Wata safiya tana shara, sai ta ji wata mata na talla a lungu, muryarta na matsowa.

"Ga irin albasa! Ga na dashe! Ruwa ya sauka, fadama ta sha iska, masu dashe ku fito!"

Tsintsiyar ta tsaya a hannunta. Ta waiwaya, ta ga Ɗayyaba a bakin ƙofar ɗaki, ita ma ta ji. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da sabon hijabinta wanda aka ɗinka mata don makaranta, ta miƙa wa uwarta.

"Inna, ki ba wata," in ji ta. "Kada ya tsufa cikin akwati."