Esi a Kunne, Taga a Buɗe

Da faɗa Zubaidatu ta fara sanin Hamza. Wuta ta ɗauke a benensu mai hawa huɗu a Samaru alhali maƙwabta na da ita, ta hau har ƙololuwa tana haki, ta buga ƙofar sabon ɗan haya.

"Malam, esin nan naka mai sanyaya ɗaki ke kashe mana wuta. Layi ɗaya duk gidan nan ke ja."

Hamza ya tsaya kallonta, har ya manta da ban haƙuri.

Daga ranar abin ya ƙaru. Kullum da la'asar sai wuta ta tsinke, kifin maƙwabciyarsu Mama Akunna ya saki a firji. Soyayya kuwa, da yake ba ta da kunya, sai gaba take yi.

"Zubyna, kin ci abinci?" ya rubuto mata.

"Da wace wutar zan dafa? Ka wanke ragar esin, ka daina ƙure sanyinsa. Ina sonka, amma ka ishe ni."

Ya wanke. Ya ma sayo sabo mai tsimin wuta a Sabon Gari. Ba ta canja zani ba.

Da ya turo magabatansa, mahaifinta, wanda ke kula da gidan, ya ce atafau. "Wanda ya kasa riƙe wuta, mace zai riƙe? Ga Umar Farouk mai sola na jira."

Zubaidatu ta sha kuka, takaici ya cika ta. Rannan da la'asar tana shanya a tsakar gida ta ɗaga kai, sai ga tagar Hamza a wangale, esi na ta gurnani, gogan ya zuro kai yana murmushi. Ta kira shi a waya.

"Hamza, duk Samaru kake sanyayawa? Ina injin zai huta? Dole ya zuƙe wuta."

"Gilashin ba a gani ta cikinsa, sanyin idona. In na rufe ba na ganinki."

"Garin kallona za ka rasa ni. Rufe ta."

Ya rufe, wuta ta zauna daram. Mama Akunna da kanta ta je wajen mahaifin Zubaidatu ta roƙar masa, har ya amince.

Ranar ɗaurin aure tsohon ya riƙe hannun Hamza. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ga ta nan za a kawo maka ita har ɗaki. Na sake ganin tagar nan a buɗe, ni da kai ne."