Shinkafar Sansanin Hanya

Shekarar da aka fara aikin hanyar mota kusa da Matankari, gero bai yi ba. Ranar wata Talata aka tsamo gawar Ajuma daga rijiyar makiyaya. Yarinya ce mai tallar nono, ko shekara goma sha biyu ba ta cika ba.

Sufeto Hilaire ya iso daga Dogon Dutsi tare da Odile, ma'aikaciyar asibiti. Ta duba gawar, ta fito idonta jajur.

"Faɗawa ta yi da kanta. Amma wani babba ya daɗe yana lalata da ita."

A ruga kowa cewa yake aljanar nan doguwa ce ta kira ta. Doguwa dai ba ta zuwa kotu, shi ya sa ake son ɗora mata laifi.

Hilaire ya hango shinkafa a tukunyar Umma, uwar yarinyar, a gidan da ko dawa babu.

"Inna, ina kunka samu wagga?"

"Nono munka saida."

"Shanunku sun ƙafe tun bazara. Wane nono?"

Umma ta rufe fuska. Ashe ƙwarya wofi yarinyar ke ɗauka zuwa sansanin ma'aikata, an rufe da faifai don idon mutane, ta dawo da ita cike da shinkafa. Yau ma an aza wa ƙanwarta Maryam ƙwaryar, ta kama hanya.

Hilaire bai tsaya sallama ba. A ƙofar siton sansanin ya cim ma Maryam, ya riƙe hannunta. Sanusi, mai kula da abincin ma'aikata, ya fito yana murmushi.

"Ban san ta ba, yallaɓai. Nono za ni saye."

"To saya. Buɗe mu gani."

Sanusi bai taɓa faifan ba. Ya san abin da ke ciki. Gumi ya karyo masa, ya durƙusa.

"Ni ne. Yunwa ta kawo Ajuma, ni ko na ci amana."

Hilaire ya kira jandarmomi, suka sa masa ankwa, suka tura shi mota.

Hilaire ya mai da Maryam gida da kansa. Umma ta rungume ta, ta ɗauki tukunyar ta kife a ƙasa.

"Na sani," ta ce. "Wallahi na sani, kuma na dafa."