Santimita Huɗu

A tashar Gezawa Fatihu ya fara ganinta, zaune gefen taga a motar Kano, ta rungume wata babbar ambulan a ƙirji kamar za a ƙwace mata. Shi malamin firamare ne mai ɗan noman gyaɗa. Duk tsawon hanya bakinsa ya kasa wuce "sannu". Sai da za su sauka ya yi ta maza ya tambayi sunanta.

"Safara'u. Ɗinki nake yi a bayan kasuwa."

Cikin wata biyu ya kai mata yadi har uku, ba don yana buƙatar riga ba. Ita ta sa masa suna Malamina, shi kuma yana ce mata Safa tawa.

Kwatsam ta daina ɗaga wayarsa. Shagon ma a rufe. Sau biyu yana hango ta a bayan babur ɗin wani saurayi da aka ce masa sunansa Najib. A aji sai ya tsaya da alli a hannu, ya manta abin da yake rubutawa. Ya kasa haƙuri ya tura mata saƙo:

"Safa tawa, kwana tara ke nan. In wani ne ya riga ni, ki faɗa min da bakinki."

Sai bayan la'asar amsa ta shigo:

"Malamina, Najib ɗan yayar Innata ne, ma'aikacin jinya, asibiti yake kai ni. Ƙari ne a nonona na hagu. Sun ce daji ne, za a cire nonon. Ka nemi mai lafiya, ka yafe min."

Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Washegari ya roƙi mahaifiyarta ta bar shi ya bi su asibiti.

Likitar, Dakta Ummu Salma, ba ta yi musu ɓoye-ɓoye ba.

"Sakoma ake ce masa. Ba irin dajin nonon da aka saba ji ba ne, da wuya ake samunsa. In zai yaɗu, jini yake bi zuwa huhu."

"Dakta, za ta rayu?" Fatihu ya tambaya.

"Rai na Allah ne, Malam. Mu girman ƙarin muke fara dubawa. Nata santimita huɗu ne, kuma wanda bai kai biyar ba ya fi ba mu fata. Huhunta fes. Saura mu san zafin ƙwayoyinsa, da ko mun cire shi tas. Wannan sai bayan tiyata."

A gida kuwa mahaifiyarsa, Inna Hure, ta ce sam.

"Ban ƙi yarinyar ba, Fatihu. Amma ka auro ta yau, gobe a ce ka ɗauki makara? Ni zan ga halin da za ka shiga."

Mahaifinsa, Malam Abdulmumini, ya ce a dakata a ji sakamako.

Aka yi tiyata. Sati uku ana jira. Fatihu ya nome gonar da ya riga ya nome, ya ciro waya ya mayar, ya sake cirowa. Abinci sai ya ci loma biyu ya ture. Kullum da hantsi yana tura mata: "Kin sha magani, hasken idona?" Ita kuma: "Na sha. Kai ka ci abinci?"

Ranar sakamako Dakta ta ce, "An cire shi tas, gefen yankan babu ko ƙwaya. Zafinsa matsakaici ne. Ba zan ce muku ba zai dawo ba. Duk bayan 'yan watanni za mu riƙa ɗaukar hoton huhunta, har shekaru."

Da suka fito Safara'u ta ja mayafi ta rufe gefen hagunta.

"Ka dai ji. Haka za ka yi ta zama cikin fargaba?"

"Safa, fargabar nan ina tare da ita ko na aure ki ko ban aure ki ba. Gara in yi ta kina gabana."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga, tana murmushi.

Da ya kai labari gida, Inna Hure ta sake buɗe baki, Malam Abdulmumini ya tare ta a hankali.

"Hure, masu lafiyar wa ya ba su takardar kwanakinsu?"

Bayan kwana biyu Inna Hure ta dama fura da kanta ta tafi dubiya. Ta tarar da Safara'u na ƙoƙarin ɗaga hannun hagu zuwa bango, kamar yadda aka koya mata a asibiti, tana cije leɓe. Inna ta ajiye ƙwarya, ta tallafi gwiwar hannun.

"A hankali, 'yar nan. Ƙara kaɗan."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure a ƙofar gidan su Safara'u. Da aka kawo amarya, Inna Hure ce ta riƙo hannunta ta shigar da ita ɗaki.

"Hoton huhu na wata mai zuwa ni zan raka ki, shi ya tafi makarantarsa," ta ce. "Allah Ya ba ki tsawon rai, Ya albarkaci zamanku."

Fatihu, daga bakin ƙofa, shi ya fi kowa ɗaga murya da amin.