Wayar Jirgin Mama Tamar

Mama Tamar ta shigo caji ofis riƙe da wuyan rigar Yafet, direban jirginta na ruwa.

"Sufeto, ku kulle shi! Ya zuba wa injina ruwan batir. Gobe kasuwa, da me zan haye da masu citta?"

Sufeto Azariya ya ajiye dafaffiyar gyaɗarsa. "Mama, saki wuyansa tukuna. Idan ya mutu, wa zan tambaya?"

Suka hau babura zuwa bakin kogi. Farfelar jirgin duk ta yi ramuka, gindin injin ya yi farin gari.

Azariya ya tsuguna. Ya taɓa aiki da 'yan sandan ruwa a Lakwaja, ya san wannan ba aikin ruwan batir ba ne. Idan ƙarfe iri biyu suka daɗe cikin ruwa, ɗaya yakan cinye ɗaya. Shi ya sa ake ɗaura dunƙulen tutiya a gindin jirgi, a haɗa shi da sauran ƙarafan da wayar tagulla, don ɓarnar ta ƙare a kansa.

Dunƙulen na nan sumul. Wayar ce babu.

Ya dubi Yafet. "Ban da kai, wa ke taɓa jirgin nan?"

"Asher, ɗan ƙanenta," in ji Yafet. "Shi ke wankewa."

Suka iske Asher a coci yana gwada kayan sauti.

"Waya? Oga, ni ban taɓa ganin wata waya ba. Ruwa ma tsoro nake."

"To, da me kake wanke jirgin? Da addu'a?"

"Kada ku taɓa mini yaro," in ji Mama Tamar. "Kafin Ista, sifikar nan gurnani take kamar alade. Shi ya gyara, Fasto har ya sa masa albarka."

Azariya ya nufi kayan sautin. Ya zagaya bayan na'urar. Ga wata koriyar waya ta fita ta taga, an tura ta cikin ƙasa. A bakinta akwai shuɗin fenti, irin na jirgin sak.

"Asher," in ji Azariya.

Asher ya kalli wayar. "Oga, ba ta kunna komai fa. Na cire, injin ya tashi lafiya lau. Na ce waya tana zaman banza, gara ta yi aikin Ubangiji."

Mama Tamar ta zube a kan benci. "Yesu! Yafet, ɗana, ka yafe mini."

"Na yafe, Mama. Amma rigar ta yage."

Azariya ya fizge wayar, ya naɗe ta a matsayin shaida. Nan take sifikar ta saki gurnani, har tagogi suka ɗauka.

"Kun ji ko?" in ji Asher, ana tasa ƙeyarsa waje. "Yaya Fasto zai yi wa'azi ranar Lahadi?"

"Ya ɗaga murya," in ji Azariya. "Hau babur."